Ƙarar da Ke Cikin Motar Baba

Abin da na fara gani da muka shiga garejin shi ne akuya a kan mota. Tana tsaye a kan rufin wata tsohuwar mota marar tayoyi, ta miƙa wuya tana cizgar ganyen darbejiya. A bayan wannan motar akwai wasu guda uku, duk an ɗora su a kan bulo, har ciyawa ta leƙo ta tagar ɗaya daga cikinsu. Na ce a raina, to, nan tamu za ta ƙare, ta zama ta biyar.

Ranar Asabar ce da hantsi. Akwatina na ƙarfe yana cikin but ɗin motar, da katifata a naɗe an ɗaure ta da igiya. Tun daga gida nake jin akwatin yana motsi duk lokacin da muka faɗa rami.

Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Garo, makarantata kuwa a Gwarzo take. Baba yana da shagon taki da irin shuka a Gwarzo. Kullum da safe zai sauke ni a ƙofar makaranta, in an tashi in je shagon in zauna a bayan buhuna in yi aikin gida, da yamma mu koma tare. Motar ta girme ni, amma ba ta taɓa kwana da mu a hanya ba. Sai bara, bayan an cire gyaɗa, ta fara wata irin ƙara. In tana tsaye lafiya lau. In ana tafiya a hankali ma lafiya. Amma da zarar Baba ya taka totur zai wuce babbar mota, ko zai hau tudu, sai ka ji kar-kar-kar-kar daga gaba, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa, sannan motar ta yi nauyi.

Baba ya fara kai ta wajen wani bakanike a Kabo. Shi wannan bai ma shiga motar ba. Da ya ji bayani sai ya girgiza kai ya ce inji ne yake shirin bugawa, sai an sauke shi gaba ɗaya. Baba ya dawo gida ya faɗa wa mahaifiyarsa, wadda muke kira Hajiya, cewa ba zai iya wannan hidimar ba. Zai gwada wani tsohon bakanike a Gwarzo ran Asabar. In shi ma haka ya ce, to za a sayar da motar, Baba ya koma hawa babur tun da sassafe, ni kuma a kai ni gidan Gwaggo, yayarsa da ke aure a Gwarzo, in zauna can har in gama makaranta. Shi ya sa aka sa akwatina a but, don kada a yi tafiya biyu.

Gwaggo tana sona, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma gidanta kamar tasha yake. Tana sayar da waina da miya, mutane suna shiga suna fita tun safe, kuma duk wanda ya shigo sai ta jawo ni gabansa ta ce, "Ga 'yar ƙanina, mai ƙoƙari ce a makaranta, sai dai bakinta a ɗinke yake. Ke, gaishe shi mana da ƙarfi!" Ni kuwa a gida ɗakin Hajiya nake kwana, mu biyu rak, da 'yar taga mai kallon zogale. Na yi mako guda ina kallon zogalen nan kamar wani zai ƙwace mini shi.

Akwai abin da na sani game da motar, amma ban faɗa wa Baba ba. Wanda bai san gidanmu ba zai yi mamaki, tunda kullum muna mota ɗaya. Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu har yanzu ana kunyar ɗan fari yadda aka gada. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ba ya kuma kallona ya yi mini magana. Shekara biyu yana gaba ina baya, hirarmu ba ta wuce "Ina kwana" da "Lafiya lau" ba. In yana son gaya mini wani abu, gilashin gaba yake gaya wa. "A rufe ƙofa da kyau." "An ci abinci kuwa?" Ni kuma in ba takalmina amsa. Ba ƙi ba ne. Duk ranar Juma'a ina samun ƙullin dabino a kujerar baya, ba wanda ya taɓa cewa shi ya ajiye. Inna kuwa kunyarta ta fi ta Baba, ita ko gilashi ba ta da shi.

Ga abin da na sani. Ni nake share rumfar da motar take kwana. Da aka cire gyaɗa, ɗakin ajiya ya cika da masara, sai aka jera buhunan gyaɗar a cikin rumfar, a gefen motar. Bayan kwana biyu na fara ganin ɓawon gyaɗa a ƙarƙashin motar, kullum a wuri ɗaya, kusa da tayar gaba ta hagu. Ba irin ɓawon da mutum yake fasawa da yatsa ba ne, an ɓula shi ne ta gefe ɗaya. Bayan kwana huɗu ƙarar ta fara.

Na faɗa wa Hajiya, tunda ita kakata ce, babu kunya tsakaninmu. Ta yi dariya har ta ajiye carbi.

"Ƙawata, mota ba ta cin gyaɗa. Mai take sha, shi ya sa ubanki ya rame."

Daga nan na ja bakina na yi shiru. Na ɗauka ni ce mai shirme.

Bakaniken Gwarzo dattijo ne mai farin gemu, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da siririyar waya. Ashe tare suka yi firamare da Baba. Ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu, suka gaisa, suka tambayi gajiya da iyali da amfanin gona da jikin Hajiya, har da wani malaminsu da ya daɗe da rasuwa suka yi wa addu'a. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ya nuna mini benci a inuwa. Sannan ya buga bayan motarmu da tafin hannu.

"Alhaji, yau kuma tsohuwa aka kawo asibiti?"

"Tsohuwar da ta fi ka ƙarfi," in ji Baba.

"To, me take cewa? Yi mini kukan in ji."

Ban taɓa zaton zan ga wannan ranar ba. Baba, da babbar rigarsa da hularsa, ya gyara tsayuwa, ya turo baki ya ce, "Kar-kar-kar-kar-karrr!"

"Wannan ai zabuwa ce. Sake."

"Kirrr-kat-kat-kat!"

"Yanzu kuma ka koma keken ɗinki. Alhaji, mota ɗaya ka kawo ko biyu?"

Na cusa fuskata cikin hijabi, kafaɗuna suna rawa. Baba ya ciro wayarsa ya ce ai ya ɗauki ƙarar ranar da ya kai Hajiya Kabo. Ya kunna. Babu abin da aka ji sai muryar Hajiya tana cewa ya rage gudu ita ba ta shirya mutuwa ba, akwai bikin da take son gani. Bakaniken ya ce wannan ƙarar kam ba shi da maganinta.

Daga nan ya daina wasa. Ya sa Baba ya tayar da motar, ya buɗe bonet, ya ɗauko wani dogon sukundireba mai mariƙin katako. Ya ɗora bakinsa a jikin injin, ya manna mariƙin a kunnensa, ya rufe ido. Na lura ba ya numfashi sosai in yana saurare. Ya matsa gaba kaɗan ya sake ɗorawa, ya sake, har wuri biyar. Ya ɗaga hannu, Baba ya taka totur, injin ya yi ruri, amma ƙarar ba ta fito ba. Ya sa aka kashe. Ya zaro sandar awon baƙin mai, ya shafa man tsakanin yatsunsa biyu, ya ɗaga shi a rana yana dubawa. Ya ce in inji yana cin kansa, za a ga garin ƙarfe yana ƙyalli a cikin man, nan kuwa babu. Ya kwance fulogi ɗaya bayan ɗaya ya duba ya mayar. Ya danna fanbel da babban yatsa. Ya zagaya baya ya girgiza salansa da ƙafa.

"Alhaji, injin nan ya fi ni lafiya."

"To ƙarar fa? Ƙarya nake yi?"

"Ka yi ta a makaranta, me zai hana yanzu?" Ya rufe bonet ɗin. "Ba a gane ciwon jaki a turke, sai an ɗora masa kaya. Mu hau hanya."

Ya shimfiɗa wani tsohon buhu a kujerar gaba don kada ya ɓata ta da mai, ya zauna. Na shiga baya, wurina. Muka fita gari muka kama hanyar Kabo. Da hanya ta buɗe ya ce wa Baba ya taka. Baba ya taka. Kar-kar-kar-kar! Wallahi sai na ji daɗi da ta fito, ko don a san Baba ba ƙarya yake yi ba.

"Saki. Taka kuma."

Sau shida aka yi haka. Ya leƙa kansa ta taga har hularsa ta kusa tashi. Ya sunkuya ya kasa kunne ta wajen ƙafafunsa. Sannan ya ce a tsaya. Baba ya gangara gefen hanya, ƙarƙashin wata tsamiya, kusa da gonar dawa da ake girbi.

Bakaniken ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce wannan ba bugun inji ba ne, shi bugun inji nauyi gare shi, kamar ana daka a turmi, wannan kuwa sama-sama take. Amma bai gane daga inda take fitowa ba. In ba a gane ba, dole a bar masa motar ya fara kwancewa, kuma ba zai yi alkawarin abin da zai tarar a ciki ba.

Baba ya yi ajiyar zuciya. Ya kalli gilashin gaba ya ce, "To, bari a fara kai yarinyar nan gidan gwaggonta."

Na ƙura wa takalmina ido.

Sai bakaniken ya juyo gaba ɗaya, ya ɗora hannu a kan kujera. "'Yata, kullum a motar nan kike?"

Na gyaɗa kai.

"Shi direba kunnensa rabi yana kan hanya, rabi yana kan aljihunsa. Wanda yake zaune a baya shiru shi yake jin mota. Me kike ji?"

Ta yaya zan yi dogon bayani Baba yana zaune a gabana? Na sunkuyar da kai ina murza bakin hijabina. Sai Baba ya gyara murya, ya ce wai kamar ya san mai gonar can, bari ya je su gaisa. Ya buɗe ƙofa ya fita. Na bi shi da kallo har ya shiga cikin karan dawa. Na tabbata bai san mutumin ba, don na ga yadda mutumin ya tsaya yana kallonsa da lauje a hannu.

"To, Alhaji ya ba mu wuri," in ji bakaniken. "Ina jin ki."

Na fara a hankali. Na ce daga hagu ƙarar take fitowa, ba daga tsakiya ba. Na ce da farko kaɗan ce, kamar tsakuwa uku ko huɗu, amma kullum da safe sai ta fi ta jiya. Na ce ranar da Baba ya je Kano ya kwana biyu da motar, da ya dawo ba ta ƙaru ba. Na ce in an taka birki da ƙarfi akwai wata 'yar ƙara dabam, shuuu, kamar abu ya zube gaba.

Ya cire tabarau ɗinsa. "Ci gaba."

"Kuma, Malam, ina ganin ɓawon gyaɗa a ƙarƙashinta in ina shara."

"Ɓawon me?"

"Gyaɗa." Na ji kunya ta rufe ni. "Hajiya ta ce mota ba ta cin gyaɗa."

"A ina motar take kwana?"

"A rumfa. Kusa da buhunan."

Ya miƙa hannu ya ja abin buɗe bonet, ya fita, ya yafito ni. A gefen hagu, kusa da fitila, akwai wani baƙin akwatin roba mai kauri. Ya ce ta nan iska take bi a tace ta kafin ta shiga inji. Ya ɓalle maɓallansa guda huɗu, ya ɗaga murfin, ya zaro matatar, wata aba mai naɗe-naɗe kamar takarda, gefenta ɗaya duk an gwaigwaye shi. Muka leƙa tare.

Gyaɗa ce. Cike, har kusan baki. Wata da ɓawonta, wata an ɓare, ga zaren buhu da 'yar auduga an tattara a lungu an yi shimfiɗa.

Bakaniken ya dafa motar ya fara dariya, irin wadda ba ta da sauti sai gemu yana rawa. Da ya samu numfashi ya ɗaga murya.

"Alhaji! Alhaji, bar bawan Allah ya yi girbinsa, zo ka ga rumbunka na biyu!"

Baba ya dawo da sauri yana tattare riga. Ya leƙa. Ya ɗago. Ya sake leƙawa.

"Innalillahi. Wa ya zuba wannan?"

"Ɗan hayarka. Ɓera. Ta bututun nan yake shiga. Kai kana ɗauka kai kaɗai kake tanadin rani? Ka fitar da zakkar wannan kuwa?"

Baba ya yi dariya har ya zauna a kan wani dutse yana share ido da bakin riga. Ban taɓa jin dariyarsa a kusa haka ba, sai dai ta katanga, in yana zaure da abokansa. Mai gonar ma ya biyo shi ya zo ya leƙa, ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin motar da take tafiya da guzurinta ba.

Bakaniken ya yi mana bayani yana kwashe gyaɗar da hannu yana zubawa a hularsa. In mota tana tsaye, ko an taka totur ba ta jan iska da yawa, sai gyaɗar ta kwanta abinta. In tana kan hanya da nauyi aka taka, sai ta zuƙi iska da ƙarfi, gyaɗar ta tashi tana bugun robar, ta kuma toshe hanyar iskar, shi ya sa motar take nauyi. Ya ce Allah ya taimake mu ɓeran bai gama huda matatar ba, da gyaɗar ta wuce ciki, da maganar bakaniken Kabo ta zama gaskiya. Hula biyu da rabi aka kwashe.

A hanyar komawa Gwarzo Baba ya taka totur, shiru. Ya saki ya sake takawa, shiru. Motar tana tafiya kamar an sauke mata dutse. Ya yi ta takawa yana saki ba dalili, har bakaniken ya ce ya bari haka, ba shi zai saya masa mai ba.

A gareji aka sa sabuwar matata, aka ɗaure 'yar ragar waya a bakin bututun. Bakaniken ya ce a raba motar da buhunan tun yau. Amma ya ce kada mu saki jiki. Ɓeran da ya saba da ɗumin inji ba ya barinsa, in ya tarar an rufe masa ƙofa sai ya koma cin wayoyin wuta, kuma wannan gyaran ba na dariya ba ne. Sannan ya nuna ni da sukundireba.

"Alhaji, ka bar mini wannan. Shekara talatin ina neman mai kunne irin nata."

Baba ya kalli gilashin gaba, ko da yake a tsaye yake a waje. "Ana da makaranta," ya ce. Da muka shiga mota, kafin ya tayar, ya ƙara da cewa, "A bar akwatin nan a but. Gida za a koma."

Na ce wa takalmina, "To."

Sai da muka biya ta gidan Gwaggo, don tana jiranmu. Ta riga ta share mini gefen ɗaki, ta dafa shinkafa da wake. Da Baba ya ce ba zama zan yi ba, ta riƙe ƙugu ta ce an yaudare ta, an sa ta wanke zanin gado a banza. Da ya ba ta labarin gyaɗar kuwa, ta tafa hannu ta yi guɗa, ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabta. Kafin a jima tsakar gida ta cika. Ta ba da labarin sau uku, kowane karo gyaɗar tana ƙaruwa, a na ukun ta kai rabin buhu. Kowa yana cewa ina yarinyar, a nuna masa ita.

Na sulale na shiga bayan ɗakin girki, inda take tara itace. A nan na ji wani ɗan siririn kuka. Cikin wani kwali, mage ce kwance da 'ya'yanta huɗu, sun yi wayo har suna kokawa. Ɗaya baƙa ce mai farar ƙafa. Ita ba ta shiga kokawar ba, tana zaune a bakin kwalin ta ƙura wa wani ƙadangare ido, jelarta kawai ke motsi. Na durƙusa ina kallonta, maganar wayoyin wuta tana yi mini yawo a kai. Ɓeran yana nan a rumfarmu, bai san abin da ya faru ba. In ya ci wayoyin, wata Asabar za a sake naɗe katifata.

Na tashi na koma tsakar gida. Mata sun kai goma, ga Baba a bakin ƙofa yana sa takalmi. Na ratsa matan har gaban Gwaggo, na durƙusa. Kowa ya zuba mini ido, don ba su saba ganina na fito gaban jama'a da kaina ba.

Na ce, "Gwaggo, don Allah ki ba ni 'yar magen nan baƙa mai farar ƙafa, in tafi da ita gida yau."